Parmin Malam Harisu

SHAFI NA 14

Masu cika mini waya da "ina ci gaba, ina ci gaba", to ga shi. Ɗan jinkirin da na yi har ya sa wata ta ce za ta fita daga zauren. Malam Harisu tun da sauran sanyi yake jiran takarda guda ɗaya, ga shi har bazara ta kama, kuma bai fita daga ko'ina ba. Ku riƙa koyi da na gaba.

Wanda ya shigo yau kuma, a taƙaice: zamanin Faransa ne, a Dakoro. Malam Harisu Bazazzagi ne, ɗalibin likitancin dabbobi daga ƙasar Ingilishi. An turo shi ya gwada sabuwar allurar rigakafin bushiya a kan shanun arewa, ya rubuta abin da ya gani. Ya zo da motar daji ta makarantarsu da lasin ɗinsa na can. Baturen da ke riƙon bariki a matsayin kumandan kafin mai wurin ya dawo daga hutu ya juya lasin ɗin gaba da baya, ya ce ba ya aiki a nan, sai parmi, wato lasin irin na Faransa. Aka kulle motar. Maganin kuwa, da yake zafi na kashe shi, aka ajiye a firigon Baturen, firjin da shi kaɗai ne a garin. Sunan Baturen na yanka babu mai iya faɗa. Sai-Gobe ake ce masa, kuma ba a yi masa ƙage ba.

*

Da hantsi Harisu ya iso bariki. A gindin aduwar ƙofar biro, wato ofishin Bature, ya tarar da Agali, makiyayin da ya zo tun daga Tagriss don ya yi masa jagora. Raƙuminsa ya cinye duk wani reshen da wuyansa ke kaiwa, ya fara duban rufin biro.

Agali ya ce, "Likita, yau ma gobe ce?"

"Ban shiga ba tukuna."

"Ƙanena ya iso da sahe. Bushiya ta shiga rijiyar gabas da tamu. Shanun maƙwabcinmu Mohamed sun fara hawaye, baki na dalala."

Harisu ya tsaya cak.

"Naku fa?"

"Namu suna kiwo, alhamdu lillahi. Amma rijiyarmu ta yi ƙasa. In ta ƙafe, can za mu sha. Saniya ba ta san haƙuri da ƙishirwa ba."

Harisu ya dubi ƙofar biro. Abin da ya sani, Agali ma ya sani, don ya gaya masa har ya gaji: allurar ba ta warkar da wadda ta kamu. Tsare wadda ba ta kamu ba take yi.

Sai ga Jafaru tafinta ya leƙo daga ƙofa, da farin kwat ɗinsa da takalmin fata na kasuwa. Bai ce a shigo ba. Da haɓa ya yi nuni.

"Malam, zo mu gaisa ta bayan madafa."

"Me ya hana mu gaisa a nan?"

"Gaisuwar tana da nauyi."

A bayan madafar Bature akwai wata randa lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu. Jafaru ya ɗaga buhun ya ja da baya, irin na wanda ya nuna maka maciji. Harisu ya leƙa. Tasa ce tana yawo a kan ruwa, a cikinta ƙananan kwalabe jere.

"Wannan mene ne?"

"Maganinka ne."

"Na san maganina ne. Me yake yi a randa?"

"Yana shan iska."

"Jafaru."

"Tun jiya da marece anka hidda shi. Firigo ya cika."

"Da me?"

Jafaru ya gyara wuyan kwat.

"Barewa. Da cinyar jimina. Kuku bisa tebur ya aje shi, kusa da murhu. Ni na ce shi sa shi randa. Kada ka gode mini, ban yi don ka sani ba."

Harisu ya tsoma yatsa a ruwan. Da sanyi, amma irin sanyin da ke gamsar da baƙo, ba wanda ke raya magani ba. Yau kam zai kai. Gobe, in Allah ya taimaka. Bayan nan sai dai ya ɗauki ruwan kwalba ya je ya tsira wa shanun mutane, ya dawo ya rubuta littafi a kai.

Ya miƙe a hankali. Wani abu ya faɗo masa.

"Motar kumandan tun ranar da na zo take kan duwatsu, ba ƙafa ko ɗaya. Da me ya kori barewa? Da keke?"

Jafaru ya ɗaga kai yana duban sama, ko da hadari. A bazara.

Harisu ya wuce shi ya nufi rumfar da aka kulle motarsa. Kulle ɗin ma igiya ce aka ɗaure tsakanin ginshiƙai biyu, da hatimin jan kaki a tsakiya, kuma kakin sabo ne, ko ƙura bai ɗauka ba. Ya tsallake. Ƙafafun motar cike da ƙaya. Fitila ɗaya ta tsage. A baya jini ya bushe. Tankin mai cike fal, ga kuma gwangwanin mai biyu an ɗaure a gefe, shirin fita ta gaba. A ƙarƙashin kujera ya zaro gashin jimina guda, dogo, baƙi, kyakkyawa.

Ya daɗe yana kallon gashin.

"Ashe shi ya sa gobe ba ta zuwa."

"Ni ban ce ba," in ji Jafaru daga bayan igiya. "Amma in ka samu parmi, mota ta tahi Tagriss. In ba ka samu ba, tana nan tana jiran doka. Doka kuma tana son nama."

"Shekaranjiya na ga kamiyon Elhaji na Jibiya, babbar motar kayan nan, ya wuce arewa ɗaukar fata. Direbansa ɗan ƙasarmu ne, na ji Hausarsa a kasuwa. Yana da parmi?"

"Shi bai tambaya ba."

"Ban gane ba."

"Malam, kai ne ka zo biro da ƙafarka, ka yi sallama, ka hiddo takarda, ka ce a duba maka ko daidai take. Tun da anka gina barikin ga ba a taɓa samun wanda ya yi haka ba. Har kumandan sai da ya ruɗe. Ya ce mini, Jafaru, mutumin nan ko dai ɗan leƙen asiri ne ko dai mai gaskiya ne, ko wanne ne a riƙe motar."

*

Sai-Gobe yana zaune a bayan teburinsa, wani fursuna na jan igiyar mafici a kansa. Mutum ne ɗan siriri mai jan wuya, da ƙaramar bindiga a ɗamara wadda ba a taɓa jin ƙararta ba. Harisu ya shiga ba sallama, ya ajiye gashin jimina a kan takardun da ke gabansa.

Faransancin Harisu bai taka kara ya karya ba. Yana ji kaɗan, yana faɗin ƙasa da kaɗan. Don haka ya juya wajen Jafaru.

"Gaya masa ya sace mini mota."

Jafaru ya rusuna ya yi magana mai tsawo. Abin da ya ce shi ne, Malam yana godiya da kumandan ya riƙa motsa masa mota don kada injin ya yi tsatsa.

"Na ji marsi a ciki," in ji Harisu. "Ban ce marsi ba, ban gode masa ba."

"Faransanci ne, Malam. Ba a buɗe baki sai da ita."

"To gaya masa shanun bayin Allah za su mutu saboda naman barewa."

Jafaru ya sake rusunawa. Sai-Gobe ya yi murmushi, ya sumbaci yatsunsa uku.

"Me ka ce masa?"

"Na ce kana tambaya ko naman ya yi taushi. Ya ce ya yi."

"Jafaru, kai tafinta ne ko mai gyaran aure?"

"Ni mai iyali ne. Kai in anka kore ka kana da ƙasa. Ni in anka kore ni, Adjekoria zan koma in yi noma, kuma ban iya ba."

Harisu ya rufe ido ya buɗe. Ya tattaro duk Faransancin da ya mallaka, ya zube shi a kan tebur kamar mai biyan bashi da ƙwandala. Ya nuna gashin jimina. Ya nuna wajen madafa. Ya ambaci babban likitan dabbobi na Maradi, wanda shi ya gayyato shi. Sannan ya ɗauki gashin ya soke a aljihun gaban rigarsa, inda kowa zai gani, ya ce, "Maradi," ya sake cewa, "Maradi."

Wannan ba ta buƙaci tafinta ba.

Jan wuyan Sai-Gobe ya hau har kunne. Ya dubi gashin, ya dubi Harisu, ya dubi fursuna mai jan igiya kamar shi ya kai tsegumi. Ya buga tebur ya faɗi kalma ɗaya.

Harisu ya juyo wajen Jafaru.

"Me ya ce?"

"Ya ce yau," in ji Jafaru. "Ka yi haƙuri, Malam. Ban taɓa fassara ta ba."

*

Aka fara da tambayoyi. Sai-Gobe ya jawo wani ɗan littafi da aka buga a Faransa domin mutanen Faransa, ya buɗe, Jafaru na juyawa.

"Ya ce, in ka iso inda hanyar jirgin ƙasa ta ratsa hanyar mota, mi za ka yi?"

"A Dakoro?"

"Tambaya ce, Malam."

"Zan sauka in yi kallo. Sannan in koma gari in kira mutane."

Jafaru ya gaya wa Bature cewa Malam zai tsaya, ya duba dama da hagu. Bature ya gyaɗa kai, bai so ba.

"Ya ce, in motar lantarki mai bin dogo a tsakiyar birni ta tsaya tana sauke mutane fa?"

"Zan tambaye su wa ya ɓatar da su."

"Ya ce, in ƙanƙara ta ruhe hanya?"

"Zan kwashe ta in zuba a randa."

Nan kam Jafaru sai da ya yi tari kafin ya iya cewa Malam zai rage gudu. Haka aka yi ta yi. Ban san ko Harisu ya ci wannan ɓangaren ba, amma Jafaru ya ci, da kyakkyawan sakamako.

Sai-Gobe ya rufe littafi ya ce saura tuƙi.

Harisu ya ce, "Tambaye shi, yaya zan tuƙa mota alhali ba ni da parmi? Kada in tuƙa a ce na karya doka, a ƙara mini wata bazarar."

Wannan karon Jafaru ya fassara daidai, don tambayar ta ba shi sha'awa. Sai-Gobe ya sake buɗe littafi, ya karanta da yatsa.

"Ya ce doka ta tanadi wannan. Muddin mai jarrabawa na zaune gefenka, kana da izinin tuƙi. Jarrabawa kuma ba ta ƙarewa sai ya sauka daga mota."

"Madalla da doka."

Aka kwance igiya mai hatimi. Kafin kowa ya hau, Harisu ya je ya rungumo randa, ya ɗora a baya, ya ɗaure da kyau, ya ƙara jiƙa buhun. Iska in tana kaɗa jiƙaƙƙen buhu ta fi inuwar madafa sanyi, kuma ya daina yarda da kuku. Sai-Gobe ya tambayi mece ce. Jafaru ya ce ruwan shan kumandan ne. Sai-Gobe ya ji daɗin wannan ladabi.

Agali ma ya hau, da takobinsa da komai. Wannan ba a tambaya ba. A Dakoro ba a fita da mota ba mai turi.

Sitiyarin motar a dama yake, irin na ƙasar Ingilishi, inda mota ke bin hagu. A nan kuwa dama ake bi. Tun zuwan Harisu yake biya wa kansa wannan kamar hadda. Dama, dama, dama. Ko masallaci zai je, gefen dama yake bi. Har jakuna sun san shi.

Suka hau hanyar arewa. Hanyar kuwa sawu biyu ne a cikin rairayi, ƙafar dama a ɗaya, ƙafar hagu a ɗaya. A ce maka ka riƙe dama a kanta, daidai yake da a tambayi mai zane ɗaya wanne zai ɗaura.

Ya tashi lafiya. Ya tsaya lafiya. Ya yi baya lafiya. Kowace lafiya sai ta ƙara wa wuyan Sai-Gobe ja.

"Ya ce saura gicciye," in ji Jafaru daga baya. "Sai ya ga yadda kake wuce mota mai zuwa. Shi ne babba."

"Wace motar? Mota biyu ce a garin, ɗaya tana kan duwatsu, ɗaya muna cikinta."

"An tanada."

An tanada kuwa. Can gaba sai ga gardawan bariki biyu, Mamani da Jimrau, da jajayen hulunansu, sun tallabo ƙyauren ɗakin ajiya a gicciye, kowa ya riƙe gefe ɗaya. Su ne mota mai zuwa. Jimrau ne oda.

"Fiii! Fiii!" in ji Jimrau.

Harisu ya kalli Jafaru ta madubi.

"Na yi shekara da shekaru ina karatu."

"Allah shi sa albarka. Riƙe dama."

Ya tafi a hankali. Dama, dama. Ƙyaure na matsowa. Saura kaɗan su gicciye, sai Mamani da Jimrau suka hango farar hular kumandan. Suka saki ƙyaure a tsakiyar hanya, suka yi tsalle cikin sabara, suka ƙame suna sara masa.

Sai-Gobe ya miƙe tsaye a cikin mota yana ihu.

"Ya ce ku motoci ne!" in ji Jafaru. "Mota ba ta sarawa!"

"To, ranka shi daɗe," in ji Mamani.

Aka koma baya, aka sake. Wannan karon ba su saki ƙyaure ba. Da shi suka gudu cikin daji, suka jingine shi a jikin wata ƙaya, sannan suka sara.

Harisu ya kashe mota ya leƙo.

"Baba Mamani, don girman Allah. Ku taho kawai. Ku bi gefenku, in bi gefena. Shi ke nan fa."

Mamani dattijo ne mai furfura a gemu. Ya matso yana haki.

"Malam Likita, ba ni ba ne, ƙafa ce. Tun ina yaro, in Bature ya taho bisa hanya, mai doki shi sauka, mai jaki shi sauka, mai ƙafa shi ba hanya, hula a hannu. Ubana ya kwana gidan kaso don bai ga Bature da wuri ba. Ni kaina aikina ke nan, ni ke korar mutane bisa hanya in ya hito. Yau a ce in taho mishi gaba da gaba? In na ce ma ƙafata ta tahi, ba ta ji."

"Shi ne fa ya ba ku umarni."

"Yau ya ba mu. Gobe in ya tuna cewa na taho mishi da ƙyaure ban kauce ba fa?"

"Gaskiya ne," in ji Jimrau. "Ni ma odar da nake yi mishi, raina bai kwanta ba."

Agali ya ce daga bayan rawaninsa, "Rana na yi, Likita."

Aka sake na uku. Suka taho ido a rufe, Jimrau na fiii da muryar mai zazzaɓi. Da suka ji ƙarar injin kusa, Mamani ya yi gabas, Jimrau ya yi yamma, kowa riƙe da gefensa. Ƙyaure ya rabu biyu.

Sai-Gobe ya zauna. Ya cire hula ya share zufa. Kuma a karon farko tun safe, fuskarsa ta saki. Ya yi magana a natse, har da ɗan tausayi.

Jafaru bai ɗago kai ba.

"Ya ce ba laihinka ba ne. Amma bai ga gicciye ba, don haka ba shi iya sa hannu. Ya ce za a gyara ƙyaure."

"Yaushe?"

Amsar kowa ya san ta: sai gobe.

Harisu ya riƙe sitiyari da hannu biyu. A duk faɗin ƙasar nan babu ɗan Adam ɗin da zai yarda ya gicciye kumandan, kuma sai an gicciye kumandan za a ba shi parmi, kuma kumandan ne mai bayarwa. Ya juya ya dubi randa. Gefen buhun ya fara bushewa.

"Ya ce ka juya mu koma," in ji Jafaru. "Nan rairayi ne, sai ka nutse. Haye tudun can, akwai fako bayansa, can ake juyawa."

Harisu ya ta da mota.

*

Suna tsakiyar hawan tudun suka ji ƙara. Ba ta Jimrau ba. Oda ce ta gaske, mai kaɗa hanji.

Kamiyo ya ɓullo daga saman tudu, an lafta masa fatu har sun fi shi tsawo, yana gangarowa a kan sawu biyun nan da babu na uku. Mai kaya irin wannan ba ya taka birki a gangaren rairayi, sai in yana son ya kwana a wurin. Direban kuma bai san da wani kumandan ba. Motar Ingilishi ya gani.

Sai-Gobe ya daka tsawa, "A durwat! A durwat!"

"Dama, Malam!" in ji Jafaru. "Ga gicciyenka Allah ya kawo! Dama!"

Ga parmi nan tafe da ƙafa shida. Abin da ya rage kawai ya murza dama.

Amma Harisu ya ga abin da ba su gani ba. Kamiyon Elhaji ne. Direban yana zaune a dama, kamar shi. Mutumin da ya koyi mota a hanyar Katsina, wanda bai taɓa zuwa biro ya tambaya ba, wanda ba wanda ya taɓa sa shi haddar dama. In ya firgita, hannunsa hagunsa zai yi. Hagunsa kuwa ita ce damar Harisu.

Ya ga ƙafafun gaban kamiyon sun fara karkata.

"A durwat!"

Harisu ya murza hagu.

Motar ta fita daga sawu ta yi tsalle. Randa ta yi ƙara, Agali ya faɗa kanta ya rungume. Kamiyo ya wuce ta damansu, daidai inda doka ta ce su kasance, kusa har warin ɗanyar fata ya cika musu hanci. Iskarsa ta fizge hular Sai-Gobe ta yi sama da ita. Direban ya leƙo yana ɗaga hannu.

"Sannu ɗan gida!"

Harisu bai cire ƙafa daga mai ba, don wanda ya tsaya a rairayi ya kwana. Ya yi ta lallaɓa motar tana huci har ta koma kan sawu, suka haye tudu.

"Agali, randa?"

"Tana da rai."

Jafaru yana ta salati. Sai-Gobe ya riƙe ƙarfen gabansa da hannu biyu, jan wuyansa ya koma fari fat. Gajeriyar magana ya yi.

"Me ya ce?"

"Malam..."

"Fassara mini daidai. Sau ɗaya dai a rayuwarka."

"Ya ce ya ga gicciye. Ka bi hagu. Ka faɗi."

Harisu ya gyaɗa kai.

"Wannan karon babu marsi a ciki?"

"Babu."

"To."

Fako ya bayyana a gabansu, shimfiɗe, mai tauri, wurin juyawa mai kyau. Harisu ya dube shi. Ya dubi allurar mai, tana nan a cike, albarkacin barewar da ba a kai ga harba ba. Ya dubi Baturen da ke zaune a gefensa.

"Jafaru, tuna mini. Jarrabawa yaushe take ƙarewa?"

"Sai ya sauka daga mota."

"Muddin yana zaune fa?"

Jafaru ya dafe kai.

"Malam. Malam, ina da iyali."

Fako ya zo, fako ya wuce.

"Likita," in ji Agali, "ka wuce wurin juyawa."

"Na gani. Ina hanyar Tagriss?"

Agali ya dubi hanya. Sannan ya saki randa da hannu ɗaya, ya miƙa shi ta saman kafaɗar kumandan, ya nuna arewa.

"Miƙe. In ka ga gawo biyu, ka bar su a hagunka."

Sai-Gobe ya waiga ya ga fako na ƙanƙancewa a baya. Ya waiga gaba ya ga babu komai sai sabara da sama. Ya yi tambaya, muryarsa ta ɗan haura.

"Yana tambaya yaushe za ka juya," in ji Jafaru da ƙyar.

Harisu ya ƙara giya. Gashin jimina na kaɗawa a aljihunsa.

"Gaya masa sai gobe."

"Wallahi ba ni fassara wannan."

Bai buƙaci fassarawa ba. A duk Hausar duniya, kalmomi biyun nan kaɗai Baturen ya sani, don kullum yana jin su a bayansa in ya wuce kasuwa.

Ya juyo a hankali ya dubi Harisu.

Hannunsa ya sauka kan ɗamara, ya ɓalle maɓallin kuben bindiga.